A Ɗauki Tsofaffin Masu Hoto A Fim Tun Hannunsu Bai Fara Rawa Ba

Makon jiya na bi ta wani layi a Tudun Wadar Kaduna zan kai gyaran waya, sai na tarar da yara huɗu sun yi cirko-cirko a bakin kwata, kowa riƙe da wani baƙin falle yana ɗaga shi sama yana leƙen rana ta cikinsa. Na karɓi na hannun ƙaraminsu. Negetif ne, wato fallen fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, irin manyan nan na da, faɗinsa ya fi tafin hannuna. Wani dattijo ne zaune a kujera, rawaninsa ya fito baƙi ƙirin, fuskarsa fara fat, hannunsa ɗaya dafe da rediyo. Na tambaye su inda suka samo, suka nuna mini wani buhu da aka yasar a bola, ruwan sama ya riga ya ratsa shi.

Na san shagon da buhun ya fito tun ina firamare. Sutudiyon hoto ne. Yanzu an yi masa sabon fenti, an ajiye teburin POS a ƙofa. Tsohon da ya yi shekaru yana aiki a cikinsa yana nan da ransa, gidansa bai da nisa, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya.

Da a wani lokaci ne, ƙila in yi tsaki in wuce. Amma kwana uku kafin nan ɗan yayata, mai karatun aikin jarida, ya zo gidana da dare ya ce, "Kawu, zo ka ga wani abu." Ya buɗe mini wani tsohon fim baƙi da fari a YouTube, na wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto yana cikin aikinsa. Tun daga ranar nake haɗa abubuwan biyu a raina, kuma raina bai daina ɓaci ba.

Ra'ayina shi ne wannan: ya wajaba a kan masu shirya fim na Arewa, da jami'o'inmu, da gidajen talabijin ɗinmu, su je su ɗauki ragowar tsofaffin masu hoton nan a fim, kuma su ɗauke su suna cikin aiki, hannunsu kan kyamara. A yi shi bana. In aka ce sai baɗi, wasu daga cikinsu ba za mu same su ba.

Abin da na gani a wayar yaron nan

Fim ɗin sunansa The Photographer, an yi shi a 1948. Wanda ya shirya shi Willard Van Dyke ne, wanda aka ɗauka kuwa Edward Weston, kuma Van Dyke ɗin almajirinsa ne a sana'ar hoto. Tsawonsa kusan rabin awa. Tsoho ne yake yawo a bakin teku a jihar Kalifoniya, saɓe da kyamara mai ƙafa uku, yana neman dutse ko busasshen icen da zai ɗauka.

Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan kyamara ba, akwati ce babba, tsakiyarta na miƙewa tana naɗewa kamar zugazugin maƙeri. A gaba ido, a baya gilashi mai hazo. Mai hoto zai lulluɓe kansa da baƙin mayafi ya duba gilashin, ya ga abin da zai ɗauka kai a ƙasa, ƙafa a sama. A haka zai daidaita komai. Sai ya rufe idon kyamarar, ya zura wani siririn gida mai ɗauke da fallen fim biyu, ɗaya ta kowane gefe, ya zare marfin, ya danna. Daga lokacin da ya zura fim ɗin ba ya ƙara ganin komai a gilashi. Sai dai ya dogara da abin da ya riga ya auna.

Fallen da Weston ke aiki da shi inci 8 ne da inci 10, wato ya ninka ɗan fim ɗin ƙananan kyamarorin da muka sani kusan sau 60. Shi ya sa ba ya buƙatar ƙara wa hoto girma. Sai ya kifa negetif a kan takarda, ya kunna ƙwan fitila, ya ƙirga, ya kashe. Wanda zai fita da falle goma ko ƙasa da haka ba zai yi ta dannawa barkatai ba. Sai ya zagaya, ya tsuguna, ya miƙe, ya jira gajimare ya wuce.

Wannan jiran shi ne abin da fim ya kama, wanda littafi ba zai iya kamawa ba. Ka karanta shafi ɗari a kan Weston, ba za ka san yadda yake tsayawa shiru gaban dutse ba sai ka gani. Gani ya kori ji.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa, shekarar da aka yi fim ɗin ita ce shekarar da Weston ya ɗauki hotonsa na ƙarshe. Ciwon rawar jiki, wanda likitoci ke kira Parkinson, ya riga ya kama shi. Ya ƙara shekara goma a duniya, ya rasu a 1958, amma bai sake ɗaukar hoto ba, 'ya'yansa ne ke wanke masa tsofaffin negetif yana duba su. Da almajirin nan ya ce bari sai an samu sarari, da babu fim ɗin. Ya iso a kan gaɓa.

Abokinsa Ansel Adams ma an yi masa irin wannan gata, har da dogon fim da Ric Burns ya fitar a 2002, shekara ɗari cif da haihuwarsa. Akwai hotonsa da ya yi fice, na fitowar wata a kan wani ƙauye mai suna Hernandez, wanda ya ɗauka a 1941. Yana tafe a mota da yamma ya hango, ya taka birki, ya kafa kyamara a gurguje, ya nemi ma'aunin haske ya rasa. Da ka ya lissafa hasken watan, ya ɗauki falle ɗaya. Kafin ya juya na biyu rana ta janye daga kan kaburburan da ke gaban ƙauyen. Yau duk ɗalibin hoto a duniya ya san wannan labari, domin mutanensa sun tsaya sun tambaye shi, sun naɗa, sun ajiye.

"Namu ai masu fasfo ne kawai"

Wannan ce magana ta farko da wani abokina ya tare ni da ita a majalisa. Ya ce waɗancan ƙwararru ne da ake rataye aikinsu a gidajen tarihi, namu kuwa masu neman na tuwo ne a bakin gidan waya.

Na ce masa ya je ya karanta labarin Seydou Keïta na Bamako. Ɗan kafinta ne, shi ma ya koyi kafinta. Ya buɗe sutudiyo a tsakar gidansu a 1948, shekarar da fim ɗin Weston ya fito. Babbar kyamara yake aiki da ita, mai fallen santimita 13 da 18, da hasken rana, kuma yawanci falle ɗaya yake kashe wa mutum saboda tsadar kaya. Yana da rediyo da agogo da alƙalami da babur da yake ara wa masu zuwa su riƙa. Zanen gadonsa ma ya taɓa zama labulen baya. Ashe ba irin rediyon da ke hannun dattijon nan na cikin buhu ba ne?

A 1991 aka baje wasu hotunansa a Niyok ba tare da sunansa ba, an rubuta cewa ba a san mai ɗauka ba. Sai da aka bi sawu har Bamako aka same shi, kuma aka tarar ya adana dubban negetif ɗinsa. Ya rasu a 2001. A 2016 babban zauren Grand Palais na birnin Faris ya cika da hotunansa. Bambancinsa da tsohon Tudun Wada bai wuce abu biyu ba: nasa kayan ba su shiga bola ba, kuma an samu wanda ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa.

A nan gida ma haka ne. Solomon Osagie Alonge ya buɗe sutudiyonsa a Binin a 1942, ya yi wa fadar Oba, sarkin Binin, aiki shekara da shekaru, har da negetif na gilashi. Yau tarin aikinsa yana cibiyar Smithsonian a Washinton, sun baje shi a 2014. J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya ɗauki hotunan kitso kusan dubu, ya rasu a wannan shekarar, amma kafin nan Tam Fiofori ya yi masa fim. Mutanen Kudu sun fara farkawa. Mu ne har yanzu muke ganin mai hoto bai kai a yi zancensa ba.

Kuma ko mai fasfon bakin gidan wayar da abokina ya raina, ya san abin da yake yi kuwa? Ni na gani da idona ina yaro. Akwatin katako ne kan ƙafa uku, da hannun riga baƙi ɗinke a jikinsa. Ba shi da maɓalli. Mutumin zai zaunar da kai, ya gyara maka haɓa da yatsa biyu, ya ce kar ka motsa, ya cire marfin ido, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Sai ya zura hannu cikin akwatin, inda ya ajiye 'yan tasoshin ruwan magani biyu, ya wanke takardar a can ciki da laluben yatsa. Ta fito kana baƙi inda kake fari. Ya manna ta a wani ɗan allo gaban idon kyamarar, ya sake ɗaukar ta, ya sake wankewa, ya ɗauraye a bokiti, ya yanke da almakashi, ya miƙo maka da danshinta. Ɗakin duhu sukutum a cikin akwati, tsakar rana, a gefen titi. In wannan ba ilimi ba ne, to mene ne? Kuma wa ya rubuta shi? A yatsun mutanen nan kaɗai yake.

"Kowa yana da kyamara a aljihu"

Gaskiya ne, kuma ban ce a koma ɗaukar hoton biki da akwatin katako ba. Zuwan mota bai hana mu yin hawan sallah ba, bai kuma sa mun manta sunayen kayan doki ba. Ɗan yayata yana ɗaukar hoto ɗari a yini da wayarsa, amma sai da ya kalli tsohon nan yana jiran gajimare sannan ya fara tambayar ta ina haske ke faɗowa a fuskar mutum. Wannan kaɗai ya isa dalili.

"Ana fama da abinci kana zancen fim"

Wannan ƙorafin ba na raina shi. Na san farashin mudun masara, na san halin da mutanen Birnin Gwari da Giwa suka shiga a shekarun nan. Wanda bai ci ba, ba zai zauna kallon tarihin mai hoto ba.

Amma a duba abin da nake nema. Ban ce a gina katafaren gini ko a kafa sabuwar hukuma ba. Waya mai kyau ko ƙaramar kyamara, na'urar ɗaukar murya, ɗalibai biyu masu haƙuri, kwana uku, da ɗan abin da za a sa wa tsohon a aljihu don mutunta lokacinsa. Takardar hoto da ruwan magani har gobe ana yin su, kamfanin Ilford na Ingila bai daina ba. Abin da ake kashewa a kan rumfa da kujeru a taro guda na ƙaddamar da littafi zai ɗauki tsofaffi da yawa.

Sannan jira yana da nasa farashin. Tsohon fim ba ya son zafi da laima, ga shi ɗakunanmu na kwano ne, ga damina mai tsawo. In ya fara lalacewa sai ya riƙa tashin tsami, ya yamutse, hoton ya ɓare daga jikinsa. Na buhun nan da na shinshina tuni sun fara. Titi in ya lalace bana ana iya gyara shi baɗi. Wannan in ya tafi ya tafi.

Mun ma taɓa ganin misali. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. Sai a 2016 aka gano faya-fayansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Sa'a aka yi. Ba kullum ake kwana a gado ba.

"Yawancinsu ba 'yan nan ba ne"

Wannan maganar a hankali ake faɗin ta, amma na ji ta fiye da sau ɗaya. Haka ne, a tasowarmu da yawa daga masu sutudiyo a Kaduna Yarabawa ne da Inyamurai da wasu ƙabilu, sai daga baya yaran Hausawan da suka koya a hannunsu suka buɗe nasu. To sai me? Wa ke cikin hotunan?

Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Hotonsa ɗaya tak muke da shi na ƙuruciya: yana tsaye jikin keke, hula a karkace, agogo a fili don a gani. A bayan hoton akwai hatimin sutudiyo da ya koɗe har ba ya karantuwa. Ban san ƙabilar wanda ya ɗauka ba balle addininsa, amma shi ya bar mini fuskar ubana yana saurayi, kuma ina yi masa fatan alheri duk inda yake.

Kaduna gari ne da aka kafa da gangan, kowa zuwa ya yi. Nan ce hedikwatar tsohuwar Jihar Arewa. Nan aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, aka sake yin wani gagarumi a 1977 lokacin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC. Masaƙar farko ta fara aiki a 1957, jaridar New Nigerian ta fito a ranar farko ta 1966. Hotunan manya na waɗannan lokuta suna nan, ana ganin su a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. Amma leburan reluwe fa? Ɗan dako, da malamar asibiti, da sojan da ya zo hutu, da amaryar da aka kawo daga Zariya? Waɗannan suna wurin mai sutudiyon unguwa.

Tun rikicin 2000 garin nan ya rabu, kogi ya zama iyaka, har an samu yaran da suka girma a Kawo ba su taɓa shan ruwa a gidan kowa a Sabon Tasha ba. Tsohon mai hoto yana cikin 'yan kaɗan da suka rage da za su iya zaro shaida su nuna cewa labule ɗaya liman da fasto suka tsaya a gabansa, kujera ɗaya suka zauna. Ina so jikokina su ji wannan daga bakinsa, su gan shi yana nuna musu.

Inda nake ganin masu ja suna da gaskiya

Akwai damuwa ɗaya da na yarda da ita ɗari bisa ɗari. A cikin buhunan nan akwai hotunan matan mutane, wasu an ɗauke su suna 'yan mata, yau kakanni ne, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Sun je sutudiyo ne don kansu da danginsu, ba don a watsa su a Facebook ba. Mai shirya fim ba shi da hurumin baza su yadda ya ga dama. A nemi iyalai, a nemi izini, wanda ya ce a'a a mayar masa da kayansa cikin mutunci. Wannan zai rage saurin aikin, kuma gara ya rage.

Batun hukuncin hoto a addini kuwa na malamai ne, sun daɗe suna tattauna shi, kuma kowa ya san wanda yake bi. Ni dai abin da nake gani shi ne ba mai zuwa Makka ba fasfo, kuma a shagunan kasuwar Sheikh Abubakar Gumi hotunan malamai da na Sardauna suna rataye sama da kan masu shago. Wani ne ya ɗauki kowane ɗayansu, kuma da wuya ka samu wanda zai faɗa maka sunansa.

Kar a zaunar da shi a kujerar kushin

In Allah ya sa wani ya ji wannan kira, ina roƙon abu ɗaya. Kar a yi irin shirin da muka saba, a sa tsoho ya sha babbar riga, a zaunar da shi a falo, a ce "Baba, ba mu tarihinka a taƙaice," a bi da kiɗa a rufe muryarsa. Da baki zai ce maka ya fara a shekara kaza, ya koya wurin wane, alhamdu lillahi. Minti biyar ya gama.

A kai masa kyamarar. A sa masa ita a gaba a yi shiru. A ɗauki yadda yake ware ƙafafunta, yadda yake goge ido da gefen riga, yadda yake karkata kafaɗar wanda zai ɗauka, abin da yake faɗa wa yaro don ya daina kuka. A bar ƙarar ruwa a tasa ta fito. In ya yi kuskure ya ɓata takarda, a bar shi a ciki. Sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Jihar Kaduna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, da Jami'ar Ahmadu Bello, duk shekara ɗalibansu na neman abin da za su yi aikin kammalawa a kai. Ga shi nan a bayan layinsu. Masu Kannywood kuma suna da kayan aiki da gwanintar da ta fi ƙarfin wannan. Kwafi ɗaya a kai Gidan Arewa, ɗaya a bai wa iyalinsa, ɗaya a sa a intanet.

Shekaranjiya bayan la'asar na je gaishe da tsohon. Na kai masa fallaye goma sha ɗaya da na iya cetowa, na shanya su a ɗaki sun bushe. Ya ɗaga na farko kusa da idonsa mai gani, ya daɗe yana kallo, sai ya ambaci sunan dattijon mai rediyo, da unguwarsu, da sana'arsa. Ya ce rediyon ma nasa ne, ba ya aiki, don ado yake ajiye shi.

Na ce, "Baba, kyamarar fa?"

Ya ce, "Tana ƙarƙashin gado, ɗana. Ƙafa ɗaya ta karye."

Na tambaye shi ko zai iya tuna yadda ake yi. Bai amsa ba. Ya ajiye negetif ɗin a cinya, ya ɗaga hannun dama ya kama marfin da babu shi, ya cire, leɓensa na motsi, ɗaya, biyu, uku, ya mayar. Hannun bai yi rawa ba.

Kyamarar tana wurin kafinta yanzu. Ɗan yayata ya ce zai zo da abokinsa ranar Asabar. Baba ya ce mu iso kafin ƙarfe huɗu, lokacin da rana ke sauka a bangon gabas na tsakar gidansa, kuma mu taho da bokiti biyu da baƙin yadi kamu uku.